Kanti cike da kaya, babu mai sauraron mai saye

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan wani abu da ke ci wa jama'a tuwo a ƙwarya a nan Kumasi, wato halin da mai saye yake shiga idan ya je manyan kantunan kayan lantarki, inda kaya suka cika ko'ina amma yawan ma'aikatan da za su saurare shi bai taka kara ya karya ba. Sana'ata gyaran firiji da fanka da na'urar sanyaya ɗaki ce a Aboabo, kuma saboda sana'ar nan maƙwabta da 'yan uwa sukan nemi in raka su idan za su yi sayayya, sannan kayan da suka lalace daga baya a shagona suke ƙarewa. Saboda haka ina ganin farkon al'amarin, ina kuma ganin ƙarshensa.

Duk wanda ya taɓa shiga irin waɗannan kantuna a Adum ko a wajen Asokwa ya san yadda tsarin yake. Tun daga ƙofa mai gadi zai karɓi jakarka ya ba ka lamba, wani mai gadin yana tsaye a ƙofar fita da hatimi a hannu, kyamarori kuma suna kallonka daga kowace kusurwa. Idan ka wuce ciki za ka tarar da talabijin jere a bango duk suna nuna hoto ɗaya, firiji da injin wanki sun yi sahu har ƙarshen ɗaki, amma mai sayarwa ɗaya ne ko biyu a duk faɗin wurin, mutane sun yanyame shi kowa yana miƙa hannu. Shi wannan bawan Allah shi zai yi maka bayani, shi zai rubuta maka takardar da za ka kai wa kashiya, shi zai shiga sito ya nemo kayan, shi zai buɗe kwali ya jona a wuta a gwada, kuma makullin akwatin gilashin da aka kulle wayoyi a ciki yana aljihunsa. Da zarar ya shiga sito, kantin gaba ɗaya ya tsaya cik. A ranar Asabar, ko ƙarshen wata, ko jajiberin Salla da Kirsimeti, lokacin da kantunan da kansu suke cika rediyo da tallar ragin farashi suna kiran mutane su zo, sai ka ga dattijo ya jingina da firiji saboda gajiya, babu ko benci da zai zauna a kai. Abin da tsarin nan yake nunawa a fili shi ne mai kanti ya tanadi mutanen da za su hana a ɗauke masa kaya, amma bai tanadi waɗanda za su taimaka a saya ba.

Wani zai ce ai jira ba sabon abu ba ne a ƙasar nan, muna jira a banki, muna jira a asibiti, muna jira a tashar Kejetia. Gaskiya ne, kuma da ɓata lokaci ne kawai matsalar da ban ɗauki alƙalami ba. Sayen firiji ba kamar sayen olonka, wato mudu, ɗaya na gari ba ne, wanda za ka ɗiba ka ɗanɗana ka san abin da ka saya. Kayan lantarki rufaffen abu ne, wanda bai san aikinsa ba kwali da fenti kawai yake gani, don haka bayanin da mai sayarwa zai yi yana cikin abin da mai saye ya biya kuɗinsa. Idan aka rage ma'aikata, bayanin nan ne yake fara faɗuwa, farashin kuwa yana nan yadda yake.

Misali mafi kusa shi ne takardar nan ruwan ɗorawa mai taurari da ake mannawa a ƙofar firiji da jikin na'urar sanyaya ɗaki. Hukumar Makamashi ta ƙasa ce ta wajabta ta, kuma tana cikin tsarin da ya kai ga hana shigo da tsofaffin firiji daga ƙasashen waje, dokar da aka yi a 2008 aka fara aiwatar da ita a farkon 2013, daidai lokacin da dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, yake gasa mana aya a hannu. Manufar takardar mai kyau ce. Gwargwadon yawan taurari, gwargwadon ƙarancin wutar da na'urar take ci, sannan a ƙasa an rubuta adadin wutar da za ta sha a shekara. Idan aka ɗauki firiji biyu masu girma ɗaya, a ce ɗaya an rubuta masa 250 ɗaya kuma 450, na biyun zai riƙa cinye kusan ninki biyu na kuɗin mita kowane wata har iya tsawon rayuwarsa, ko da ya fi araha a ranar saye. Wannan bayani bai wuce minti biyu ba a bakin wanda ya sani, amma wa zai yi shi a kantin da mutum ɗaya yake fama da mutum ashirin? Sau da yawa nakan ga an rikita taurarin wannan takarda da wasu taurarin da ake bugawa a ƙofar sashen ƙanƙara, alhali su waɗancan ƙarfin sanyi suke nunawa, uku ko huɗu na nufin sashen yana riƙe sanyin da ya kai digiri 18 ƙasa da sifili. Hukuma ta yi nata, ta buga takarda da Turanci da alƙaluma, amma matakin ƙarshe, wato bakin da zai fassara wa mai saye, an bar shi ga kantunan da ba su ajiye bakin ba.

Bari in kawo abin da ya faru da wata baiwar Allah maƙwabciyarmu, wadda take sayar da abin sha irin su sobolo da burkina da lamurji a bakin titi. Ta daɗe tana zubin adashi domin ta sayi firiza irin ta kwance mai murfi a sama, wadda za ta daskarar mata da abin sha ya zama ƙanƙara, yadda yara za su ɗauka a kula su zaga da shi yini guda bai narke ba. Ranar da ta kwashi adashin ta ƙulle kuɗin a bakin zane ta nufi wani babban kanti ita kaɗai. Ta shiga bayan azahar, har aka kira la'asar ba ta samu wanda ya dube ta ba, domin duk lokacin da ta matsa kusa da yaron da ke sayarwa sai ya ce mata da Turanci ta ɗan jira yana zuwa. Daga ƙarshe wata yarinya sanye da rigar wani kamfani ta tare ta da fara'a, ta ja ta wajen wani firiji dogo mai ƙofar gilashi da fitila a ciki, irin wanda ake jera lemon kwalba, ta ce mata wannan shi ne na 'yan kasuwa. Hajiya ta ga abu yana sheƙi, ta gaji, ga magariba ta gabato, sai ta biya. Bayan kwana biyu ta aiko a kira ni, ta ce: "Malam, zo ka duba mini, sabon abu ne amma ya ƙi yin ƙanƙara." Na duba, na ce mata: "Hajiya, lafiyarsa ƙalau, shi dai ba a yi shi don ƙanƙara ba, sanyaya lemo kawai yake yi." Da muka koma kantin tare, sai aka nuna mana rubutun da ke ƙasan rasit, cewa kayan da aka saya ba a mayarwa, manaja kuma ba ya nan, yarinyar da ta sayar mata ma an ce ba ma'aikaciyar kantin ba ce.

Wannan magana ta ƙarshe tana bukatar a tsaya a kanta, domin mutane da yawa ba su san ta ba. Galibin matasan da kake gani sanye da riguna masu tambari a cikin manyan kantuna, kamfanonin da suke kawo kayan ne suka turo su, kuma abin da suke samu ya danganta ne da yawan kayan kamfaninsu da suka sayar. Ban ga laifinsu ba, neman abinci suke yi. Amma mai kanti ya samu hanyar cike gurbin ma'aikata ba tare da ya biya albashi ba, mai saye kuma yana zaton yana karɓar shawara ne daga wakilin kanti, alhali yana sauraron ɗan talla ne wanda ba zai taɓa ce masa kayan kamfanin da ke gefe sun fi dacewa da bukatarsa ba. Idan ciniki ya yi kyau kanti ya ci riba, idan ya ɓaci a ce ba yaronmu ba ne.

Dokar cinikin kaya ta Gana, wadda aka yi tun 1962, ta tanadi cewa idan mai saye ya bayyana wa ɗan kasuwa abin da yake son yi da kayan, kuma kayan irin waɗanda ɗan kasuwar ya saba sayarwa ne, to wajibi ne abin da aka ba shi ya dace da wannan bukata. Ta kuma tanadi cewa kaya su kasance ba su da aibin da ba a bayyana wa mai saye ba. Ni ba lauya ba ne, amma ko makaho ya shafa ya san cewa kariyar nan ta ginu ne a kan zance tsakanin mutum biyu, mai saye ya faɗi bukatarsa, mai sayarwa ya ji. A kantin da babu mai ji, ko kuma wanda ya ji ɗin an ce ba na kantin ba ne, wa Hajiya za ta ce ta gaya wa? Kuma wace mai sayar da sobolo ce za ta ɗauki lauya a kan firiji? Shekara da shekaru ana maganar kafa cikakkiyar dokar kare haƙƙin mai saye a ƙasar nan, gwamnatoci suna zuwa suna wucewa da alkawarinta, alhali maƙwabtanmu na Najeriya sun sa hannu a kan tasu tun farkon 2019, har da hukumar da talaka zai kai ƙara ba tare da ya je kotu ba.

Sauran ɓarnar a shagona nake ganinta. Akan kawo mini sabon firiji da bai yi wata guda ba kwamfiresonsa, wato injin da ke sa shi yin sanyi, ya ƙone, idan na bincika sai in tarar an kwantar da shi ne a bayan aboboya, wato babur mai ƙafa uku na dakon kaya, daga Adum har gida, ana saukewa aka jona a wuta. Man da ke cikin kwamfireso yakan gangara cikin bututu idan aka kwantar da firiji, don haka dole a tsayar da shi a bar shi wasu sa'o'i kafin a kunna. Akan kawo wanda wuta ta kashe saboda ba a gaya wa mai shi ya haɗa da ɗan akwatin kariyar nan da ke jinkirta kunnuwa na 'yan mintoci idan an ɗauke wuta an dawo da ita ba, abin da kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin firijin ba. Akan kawo wanda aka huda da wuƙa wajen ɓamɓare ƙanƙara, ba tare da uwargida ta san cewa gas ɗin da ke cikin yawancin sababbin firiji, wanda ake kira R600a, yana kama wuta ba. Idan na ce su kawo takardar garanti, sai a fito da ita fes babu hatimi, babu kwanan wata, babu lambar na'urar, saboda yaron da ya kamata ya cike ta an riga an kira shi wani wuri, wani lokacin ma rasit ɗin irin takardar nan ce ta inji da rubutunta yake gogewa cikin 'yan watanni. Wani abokina yakan yi mini ba'a cewa ni ne ya kamata in fi kowa murna, tunda sakacin kantuna ne yake kawo mini aiki. Ba na jin daɗin kuɗin da na karɓa daga hannun wanda bai gama biyan bashin sabon abu ba.

Mu mutanen Zango abin ya fi yi mana nauyi ta wata fuska. Yawancinmu muna jin Twi gwargwadon na kasuwa, amma akwai iyayenmu mata da dattawa, da baƙin da suke zuwa sari daga Bawku da Tamale da ƙasashen Nijar da Burkina Faso, waɗanda Hausa ce harshen cinikinsu. Ma'aikacin da mutane suka yi wa yawa yakan zaɓi wanda zai sallama da sauri, wato mai Turanci wanda ya riga ya duba lambar abin da yake so a wayarsa, ya bar mai bukatar dogon bayani a tsaye. Na ga wani dattijo da ya zo neman talabijin don ya riƙa kallon tashar Harami ta tauraron ɗan Adam, aka haɗa shi da mai tsada wadda sai da intanet take nuna bajintarta, ba a tambaye shi ko yana da intanet a gida ba, ba a kuma gaya masa ko tana kama tauraron da kanta ko sai ya ƙara sayen dikoda ba.

Adalci ne in faɗi uzurin masu kantuna, domin na san wasu daga cikinsu kuma na ji kukansu. Shekarar 2022 ta karya 'yan kasuwa da yawa. Darajar sidi ta zube a gaban dala, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a watan Disamba na shekarar, har 'yan kasuwar Adum da na Akra suka rufe shaguna a watan Oktoba don nuna fushinsu, sannan a farkon 2023 aka ƙara harajin VAT daga kashi 12.5 zuwa 15. Mai sayo kaya da dala ya sayar da sidi, ga haya, ga kuɗin fito a tashar Tema, dole ya nemi inda zai rage, kuma albashi ne ya fi sauƙin taɓawa. Kowane ma'aikaci na dindindin yana jawo wa mai kanti ƙarin kashi 13 cikin ɗari na albashinsa a matsayin kuɗin fansho, kuma dokar ƙwadago ta 2003 ta ce ma'aikacin wucin gadi da ya yi wata shida a jere a wuri ɗaya ya zama kamar na dindindin, shi ya sa wasu suke sallamar yara kafin su cika wa'adin su ɗauko sababbi. Sakamakon haka ko ɗan ma'aikacin da ka samu bai daɗe a wurin ba balle ya san kayan.

Sai dai uzurin nan ba ya gamsar da ni har ƙarshe. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan a 2025 sidi 19.97 ne a yini, wanda ko an lissafa kwana 30 cur bai kai sidi 600 ba. Ko mai kanti ya ninka wannan sau uku domin ya samu yaro mai ilimi ya riƙe shi, ina da yaƙinin cewa masu sayen da suke gajiya su fita hannu rabbana a ranar Asabar ɗaya sun isa su biya shi. Ban da haka, a 2025 sidi ya farfaɗo, an soke harajin tura kuɗi ta waya a watan Afrilu, hauhawar farashi ta sauka ƙwarai, amma ban ga ma'aikatan da aka sallama a lokacin tsanani sun dawo ba. Abin da aka fara bisa larura ya zama al'ada, saboda an gane cewa mai saye zai jure.

Wanda bai jure ba kuma ina yake zuwa? Yakan gangara layin masu waya na PZ da ke Adum ko cikin kasuwar Kejetia, inda matsalar take akasin wannan, domin tun kafin ka tsaya samari biyar sun riƙe maka hannu kowa yana ja. A can akwai 'yan kasuwa masu amana, da yawansu ma 'yan uwanmu ne, amma akwai 'yan kamasho da ba su da shago, waɗanda za su karɓo maka waya gyararriya a sabon kwali, gobe ka dawo ka neme su sama ko ƙasa. Mutum ya je babban kanti ne tun farko domin ya sayi kwanciyar hankali, ya samu rasit da garanti, rashin mai saurare ya kore shi zuwa inda babu ko ɗaya. Ba zan kuma rufe ido a kan namu ba: akwai Alhazan Zango masu shagunan kayan wuta da suke barin yaro ɗaya ɗan koyo tun safe har dare, wanda bai san farashin ƙarshe ba sai ya buga waya, idan wayar maigida ba ta shiga ba ciniki ya mutu.

Abin da nake roƙon masu manyan kantuna ba mai wuya ba ne. Su raba aikin, mai bayani daban, mai shiga sito daban, a kuma ware teburi guda na gwaji da cike garanti, wanda babu kayan da za su fita sai sun bi ta kansa an jona su a gaban mai su an buga hatimi. Idan sun san za su yi tallar ragi, su ɗauki ƙarin hannu na waɗannan kwanaki, su ba mutane lamba bisa tsarin zuwansu yadda mai ƙarfin murya ba zai danne tsohuwa ba, su kuma ajiye benci. 'Yan tallan kamfanoni a sa musu alamar da za ta nuna ko su wane ne, kuma kanti ya ɗauki alhakin duk abin da aka faɗa wa mai saye a ƙarƙashin rufinsa. Ga matasa nan birjik a Aboabo da Asawase da Sawaba waɗanda suka gama makarantun koyon sana'a, suna jin Hausa da Twi da Turanci, sun san bambancin firiza da firijin lemo, suna zaune babu aiki. Hukumar Makamashi ita ma ta kai bayanin takardar taurari gidajen rediyon da ke watsa shiri da Hausa da kuma masallatan Juma'a, tunda ta ga kantuna ba sa yi.

Ga ɗan majalisarmu na mazaɓar Asawase da sauran wakilan da al'ummar Zango suka zaɓa, muna so mu ji bakinsu a kan dokar kare haƙƙin mai saye, kuma idan za a yi ta a sa a ciki ƙarara cewa rubutun "ba a mayar da kaya" ba ya aiki a kan abin da aka sayar bisa bayanin da ba daidai ba, sannan a buɗe ofishin karɓar ƙorafi a nan Kumasi, kada sai mutum ya hau mota zuwa Akra.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani mai gyaran firiji,
Aboabo, Kumasi.